Wankin Awarwaron Kaka

Wata takwas awarwaron Kaka ya yi a durowar Mama, naɗe cikin farin hankici, a ƙarƙashin takardun asibitin da har yau ba mu iya zubarwa ba. A gidanmu Kaka ta yi jinyarta ta ƙarshe, kuma Mama ce ta zare mata shi daga hannu ranar da ta rasu. Tun tana da rai ta sha faɗa a gaban kowa: "Wannan na jikata ne, wadda ta fara gama karatu."

Wadda ta fara gamawa ita ce 'yar Goggo, yayar Babanmu. Tun tana firamare ake ce mata Likita, sunan kuwa ya bi ta. Saura kwana biyu a yi liyafar gama karatun, Goggo ta bugo waya ta ce 'yarta ba za ta shiga taro da tsohon yayi a hannu ba. A kai awarwaron kasuwa, a musanya shi da sarƙa da 'yan kunne na zamani. Baba ya ce to, don tun da aka haife shi bai taɓa ce wa yayarsa a'a ba. Ya tafi aikinsa, ya bar Mama da rakiya. Ni kuma Mama ta ce in zo in riƙe mata jaka. Na san ba don jakar ba ne. Ba ta son zama ita kaɗai da Goggo.

Muna shiga tasi Goggo ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a, Tabarau! Yau an fito ganin rana? Hala littattafan duniya sun ƙare."

Na gaishe ta. Muryata ba ta fita ba, sai da na sake.

"Ɗaga murya, ba ɗakin karatu muke ba. Gado dai ba ƙarya ba ne, uwa shiru, 'ya shiru. Ni kuwa mai shiru-shiru nake tsoro."

Mama ta juya tana kallon titi.

Shagon maƙerin gwal ɗin ƙarami ne, mutum uku suka shiga sai sun gogi juna. Akwai doguwar kanta ta gilashi da ƙananan fitilu a ciki, fanka tana juyi tana ƙara kamar za ta faɗo, can ciki kuma teburin aikinsa, duk ya ƙone da tabon wuta. Maƙerin dattijo ne, babban yatsansa ya yi baƙi, ga wani ɗan gilashin dubawa rataye a wuyansa da igiya.

Goggo ta fara da zaɓe. Ta sa ya fito da sarƙa bakwai, ta kushe shida. Ta bakwan ta ɗora a kan tata sarƙar, wata mai kauri da ba ta rabuwa da ita, ta juya gaban madubi.

"Wannan ta yi. Ke, matar ƙanina, miƙo abin."

Mama ta kwance hankicin ta ajiye a kan kanta. Awarwaron ya dusashe, amma har yanzu da na gan shi sai na ga hannun Kaka.

"Ka auna da kyau, Malam," in ji Goggo. "Gwal ɗin da ne, ba irin na yanzu da iska ke ɗauka ba."

Maƙerin ya ɗauka ya jinjina a tafin hannunsa. Ya ɗora a sikeli, ya dubi lambar, ya sake jinjinawa. Ya kara masa maganaɗisu, bai kama ba.

"Ka gani ko!" Goggo ta ce.

"Tagulla ma ba ta bin maganaɗisu, Hajiya. Kin yarda in ɗan kankare shi daga ciki, inda ba a gani?"

"Kankare. Mai gaskiya ba ya tsoron bincike." Da ta faɗi haka Mama take kallo, ban san dalili ba, don a lokacin ba abin da ya faru tukuna.

Ya kankare wuri kaɗan kamar ƙwayar gero. Ya goga wurin a kan wani baƙin dutse, ya bar layi siriri. Ya ɗauko wata 'yar kwalba ya ɗiga ruwanta a kan layin. Muna kallo layin ya ɓace, kamar an goge alli. Ya sake ɗigawa a inda ya kankare. Wurin ya yi kumfa, kumfar ta zama kore.

Ya goge da tsumma, ya tura awarwaron tsakiyar kanta.

"Ku yi haƙuri. Tagulla ce. Ruwan gwal aka yi mata a sama."

Goggo ta cire sabuwar sarƙar daga wuyanta a hankali, ta ajiye, ta juyo gaba ɗayanta.

"Ina awarwaron uwata?"

"Ga shi nan, Yaya," Mama ta ce.

"Ba wannan nake tambaya ba. Ina na gasken?"

"Wallahi, Yaya, yadda na cire shi haka na naɗe. Ko buɗewa ban..."

"Kar ki rantse min! Biri ya yi kama da mutum. Da ma na ce wannan jinyar da ake ta yi ba dare ba rana, ba a bari kowa ya matso, ruwa ba ya tsami banza. Lumbu-lumbu, wutar ƙaiƙayi! Kin sayar, kin je an ƙera miki mai kama da shi, kina tsammanin Likita za ta saka ba wanda zai gane. Allah ya tona."

Mutane biyu suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Maƙerin ya sunkuyar da kai yana jera kwalabensa, ka san mutumin da ya sha ganin irin wannan kuma ya koyi kada ya sa baki.

"Shekara biyu ina wanke mata jiki," Mama ta ce. "In sata zan yi..."

"Ai lada kika ɗauka! Kin biya kanki." Goggo ta zaro waya daga jaka. "Yanzu kowa zai ji. Kafin jibi duk dangi sai sun san wadda ƙanina ya ajiye a gida."

Ta buɗe guruf ɗin dangi. Mutum sittin da wani abu ne a ciki, har da surukan Likita masu zuwa. Maganar da ta shiga can ba ta fitowa. Ko daga baya an gano gaskiya, Mama ta zama matar nan da aka taɓa cewa ta saci gwal ɗin gawa. Goggo ta danna ta fara ɗaukar murya.

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga ni a shagon gwal, ku ji abin kunyar da ya same mu. Awarwaron Inna an canja shi. Ni na san awarwaron nan kamar tafin hannuna. Tun ina 'yar shekara goma ni Inna ke aika in kai shi wanki, duk shekara, ba fashi. In kai, a ce in dawo bayan kwana biyu, in karɓo shi yana ɗaukar ido kamar ranar aka ƙera. Yau a ce min tagulla?"

Ni ina da wata ɗabi'a da ake yi min dariya a kanta. In tsoro ya kama ni, sai in kama karanta duk abin da idona ya faɗa a kai: bayan kwalin magani, lambar mota, komai. A lokacin nan na karanta kalandar bango, na karanta "Kada a jingina da gilashi," sai na kai kan wani kwali da aka rubuta da hannu a saman teburin aiki:

ANA GYARA
ANA GOGEWA, NAN TAKE
ANA WANKI, KWANA BIYU

Na karanta sau uku.

"Malam," na ce. Bai ji ba. "Malam!"

Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. Goggo ta dakatar da ɗaukar, ta harare ni.

"Manya na magana, Tabarau."

"Tambaya ce kawai. Don Allah, Malam, mene ne... me ya raba gogewa da wanki? Na ga an rubuta su daban."

Maƙerin ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi Goggo, kamar yana auna ko amsar za ta jawo masa fashewar gilashi.

"Gogewa ta gwal ce, 'yata. In ya yi dauɗa a goge, ki tsaya nan ki karɓi abinki. Gwal ba ya dusashewa balle ya kwana a wurinmu. Wanki kuwa, a bakinmu, shi ne a tsoma abu a ruwan gwal a sake masa riga. Abin da ba gwal ba shi ake kai wa wanki."

"Ƙarya ne!" Goggo ta ce. "Wanki wanki ne. Kai ma an haɗa baki da kai?"

"Hajiya, yau na fara ganinku." Ya ɗauki awarwaron, ya manna ɗan gilashinsa a ido. "Da kika ce duk shekara, na so in yi magana. Dubi bakin nan da na kankare. Riga kan riga, kamar ɓawon albasa. Wanda ya ƙera na bogi jiya, riga ɗaya zai yi masa. Wannan ya sha wanki ya fi sau talatin."

"To an samo tsoho ne mai kama da shi," in ji Goggo.

Na matso kusa da kantar.

"Akwai lotsawa kusa da maɗaurin," na ce. "Kaka ta ce ke ce, Goggo. Wai kin saka shi a ɓoye za ki gidan ƙawarki, murfin akwati ya faɗo miki a hannu. Ta ce kin fi kuka don awarwaron a kan hannun."

Maƙerin ya juya shi, ya samu wurin. "Ga ta. Rigunan ma sun bi cikinta sun kwanta. Lotsawar ta girmi yarinyar nan nesa ba kusa ba." Ya miƙa wa Goggo gilashin.

Ba ta karɓa ba. Ta sa babban yatsanta a kan lotsawar, ba tare da ta duba ba, ya faɗa daidai wurin.

Sai Mama ta yi wani sauti, na zaci kuka ne. Dariya ce, marar daɗi.

"Ashe shi ya sa," ta ce. "Bara ta ce min, 'A kai min awarwaro wanki.' Na ce wane irin kai wa, ga ni? Na samo sabulu da tsohon burushin haƙori na dirje shi tas. Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, 'Allah ya yi miki albarka, ya wanku.'"

Ni ma na tuna koren layin da ke fitowa a wuyan hannun Kaka a watannin ƙarshe. Na duba littattafai uku ina neman sunan cutar. Ashe tagullar ce.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Goggo ta naɗe tata.

"Au, kin ji! Da bakinki! Ke kika dirje shi da burushi har ya lalace. Kuma Inna ta san tagulla ce, ta bar ni shekara da shekaru ina yawo da ita a kasuwa ina fankama? Kuna gida ɗaya, ba mamaki kun sani kuka yi shiru don ku kunyata ni a gaban mutane."

"Ba mu sani ba, Yaya."

"Ku riƙe tagullarku." Ta ture shi, ya gangara a kan gilashi, Mama ta tare da hannu.

Wayar tana hannun Goggo har yanzu, saƙon yana nan, ba a aika ba, ba a goge ba. Yatsanta na yawo kusa da shi.

"Goggo," na ce, "saƙon."

"Saƙon me?"

"Ki goge. Don Allah." Na nuna wayar. "In ya tafi, za a ji inda kika ce ke kike kai shi wanki. Wani a cikin dangi zai san ma'anarsa."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, kuma abin da ta gani bai yi mata ba. Ta danna, ta goge shi. Ta juyo min fuskar wayar har tana kusan taɓa tabarauna.

"Kin gani? Hankalinki ya kwanta, lauya? Na ce mai shiru-shiru nake tsoro."

Ba ta ba Mama haƙuri ba. Ta koma kan 'yan kunne, ta ce sarƙar a bar ta tukuna. Ta sa maƙerin ya goga kowane ɗaya a baƙin dutse, ya ɗiga ruwa, layin ya tsaya daram, ta ce ya sake. Da ya gama, idonsa ya sauka a kan sarƙar wuyanta, mai kaurin nan.

"Ko in duba miki wannan ma, tunda dutsen na kusa?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe wuyanta. "Ka yi aikin da aka sa ka."

Mama ta shimfiɗa hankicin a kan kanta, ta ɗora awarwaron, ta tura wa maƙerin.

"Malam, a yi masa wanki. Irin naku. Zai samu jibi da safe?"

"Zai samu."

"Wa zai saka wannan?" Goggo ta ce.

"Likita," in ji Mama. "Inna ta ce na jikarta ne da ta fara gama karatu. Ba ta taɓa cewa gwal ne ba, mu muka ce. Ni aka bar wa amana, kuma a gaban kowa zan ba ta, da hannuna."

"'Yata ba za ta saka tagulla ba."

"Sai ta faɗa min da bakinta, Yaya."

Goggo ta fizgi ledar 'yan kunnenta ta fita, ta tare tasi ita kaɗai. Mu muka tsaya maƙerin ya rubuta mana 'yar takardar karɓa. Mama ta miƙo min ita, ta ce in adana a cikin littafi, tunda nan ne kaɗai abu ba ya ɓata a hannuna.