Injiniya Ya Kulle Kansa a Waje

"Ka ce yau hutu ka ɗauka! Da bakinka ka ce kai za ka kai ni awo!"

Matar jikana ce ke faɗa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan tsohon cikinta. Ni kuwa ina kan tabarma, wai tazbaha nake ja, amma kunnuwana duk suna wurinsu.

Jikan nawa, Injiniya muke ce masa. Kamfaninsu na da wata babbar kwamfuta a can ƙarshen gari, saba suke kiranta, shi ke kula da ita. Daga nan falo yake shiga cikinta da datar wayarsa, shi ya sa kullum wayar na jingine a taga tana farautar netwok. Duk awon da aka yi a baya, sabar nan ce ta hana shi zuwa.

Yau da safe ya ga sabar tana jan ƙafa. Ya ce tarkacen ayyuka ne suka yi mata yawa, bari ya kashe marasa amfani kafin su fita. Ina kallonsa yana ta dannawa yana murmushi.

"Wannan ba a buƙatarsa. Wannan ma."

Can sai murmushin ya ɗauke. Ashe a cikin sharar ya haɗa da aikin da ke buɗe masa hanyar shiga daga nesa.

Na ce, "Angona, wato ka share ɗaki tas, ka fito, ka jefa makullin ciki?"

"Kaka, don Allah ki bar ni."

Ya ɗaga wayar sama, ya kai ta ƙofar kicin, ya kashe ya kunna, ya mayar da ita taga. Netwok garau, sabar ce ta ƙi shi. Idanunsa sun yi ja, kafaɗunsa sun zube. Har ya ba ni tausayi, kaɗan dai.

Ya ce mata, "Dole in je can in kunna aikin da hannu. In wani abu ya tsaya, ba mai iya gyarawa sai ni. Yanzu zan dawo."

"Yanzunka na san shi. Wancan yanzun, sai da likita ya tashi."

"To ya kike so in yi?"

Ba ta ƙara ɗaga murya ba. Ta gaji, na gani. Ta sunkuya da ƙyar tana neman takalminta, ta saɓa jaka.

Na ce, "'Yar nan, jira in sa mayafi in raka ki."

"Zauna, Kaka, ƙafarki ba ta da lafiya. Ki taya shi jinyar sabarsa."

Ya miƙe da makullin mota a hannu, bai san wace hanya zai bi ba. Ita ta sani. Ta fice, ta bugo ƙofar da ƙarfi har wayar ta faɗo daga taga.