Jirgin da Na Harbo a Kafanchan

Sunana na yanka Maharazu, amma a Woolwich, nan ƙasar Turawa, ko a masallaci sai ka ce Mai Jirgi kafin a nuna maka ni. Ban taɓa zama a aji ba, ko na yaƙi da jahilci. Amma na harbo jirgin sama ya faɗo, abin da masu digirin da ke cika flat ɗin ɗana ran Lahadi ba su taɓa yi ba.

Jikata Na'ima, haihuwar nan, tana karatun fim a jami'a. Wai kallon ma karatu ne. Ita ta kai labarina wurin malamarsu, Dakta Scholastica, ta ce kakanta tsohon mayaƙi ne. Ni ban ce mata na yi soja ba. Na ce na harbo jirgi, ita ta ɗinka mini kaki. Sai ga shi za su nuna wani tsohon fim na yaƙin sama a ɗakin taron council, irin na lokacin da fim ya fara magana, har an yi booking ɗina in yi jawabi in an gama.

"Kaka, please, kar ka ba ni kunya gaban malamata," in ji ta.

"Amarya, yaushe mijinki ya taɓa ba ki kunya?"

Muna shiga na hango Katung a layin gaba, ya jingine sandarsa yana murmushi. Tare muka tashi a Kafanchan, yanzu yana Plumstead wurin 'yarsa. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, shi kaɗai mutuwa ta bar mini, ba kuwa don ƙauna ba.

"Janar," ya ce, "ka gaya musu a kan farin ƙyalle jirgin naka yake tashi?"

"Ka gaya musu a ƙarƙashin wane benci aka zaro ka?"

To, ga yadda abin ya faru. Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo majigi filin tashar jirgin ƙasa, aka ɗaura ƙyalle tsakanin sanduna biyu. Mun san hoto mai motsi, amma ba mu taɓa jin ya yi ruri ba. Sai ga jirage masu fukafukai hawa biyu, bindiga na ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Ɗaya, mai baƙin gicciye a ciki, ya karkato ya nufo mu kai tsaye. Mutane suka watse, mai kunu ta bar tukunyarta. Ni na tsaya, na ciro danƙona, na auna hancinsa. Dutse na tashi, hayaƙi ya turnuƙe shi, ya yi ta juyi har ya daki ƙasa. Washegari duk gari Mai Jirgi ake cewa. Da na girma na san hoto ne mana, ni ba wawa ba ne. Amma ban taɓa shakkar cewa ba don ni ba da ya wuce lafiya.

Aka kashe fitila, fim ya fara. Matuƙa da tabarau kamar kwaɗi suna ta Turanci ta hanci. Can sai na gyara zama. Ga gajimaren, ga baƙin gicciyen. Shi ne. Shekara kusan saba'in, bai tsufa ba, ni ko haƙorana biyar. Ya karkato ya nufo mu. Na lalubi aljihu, ba komai sai katin bas da goro. Na duba gefe, kowa ya harɗe ƙafa, wata baturiya har tana cin biskit. Babu wanda ya ɗaga ko yatsa.

Hayaƙi ya turnuƙe shi. Ya faɗo.

Katung ya sunkuyo. "Wa ya harba yau?"

 

Aka kunna fitila. Dakta Scholastica ta kira ni gaba, aka tafa, Na'ima ta tsaya gefena don ta yi musu fassara. Ban kai ga buɗe baki ba Katung ya ɗaga sanda, ya zayyane musu komai da Turancinsa na mishan, da ƙyallen da danƙon, sai dai ya manta da benci. Ya ƙare da cewa ga shi yau jirgi ya faɗi ba hannun kowa. Na'ima ta kafa wa takalminta ido.

Na gyara hula.

"Amarya, gaya musu. Wannan shi ne jirgin, ban yi musu ba. Yanzu a tambayi Katung, kafin ranar da na harbe shi, ya taɓa ganin ya faɗi?"

Katung ya ce ai bai taɓa ganinsa ba ma kafin ranar.

"Ni ma haka. To tun da dutsena ya same shi, an nuna shi a ƙasashe nawa? Ya taɓa miƙewa ya isa gida? Yau ma kun gani da idonku. Harbin ƙwarai ba ya neman na biyu."

Ɗakin ya kece da dariya da tafi. Dakta Scholastica kuwa ba ta yi dariya ba, rubutu take kamar za ta huda takarda. Ta ce labaran tsofaffin sojoji suna da su cike da kabad, amma wanda ya jefi fim bai taɓa zuwa hannunta ba. Ta jero wasu kalmomi dogaye, Na'ima ta ce ba su da Hausa. Abin da na fahimta dai, ni ne aikin Na'ima na ƙarshen shekara.

A bas, muna wuce kasuwa, Na'ima ta juyo gare ni.

"Kaka," ta ce, tana cije dariya. "Danƙo fa?"

"Da bindiga ai kowa ma zai iya."