Takin Makwabta

A layinmu ba a sa labule. Mai labule yana da abin ɓoyewa, haka muka taso muka tarar. Saboda haka kowa ya san abin da kowa ya ci da yamma, kuma ba wanda zai taɓa nuna ya sani. Ni Hiske, tagar ɗakina ta sama tana kallon ƙofar Baba Sietse ne kai tsaye, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Tun da matarsa Aukje ta rasu, Baba Sietse yake zaune shi kaɗai a gidan da suka tare a ciki suna ango da amarya. A gaban gidan akwai hotensiya guda ɗaya da marigayiyar ta dasa, irin mai farin furen nan da ke fitowa da tsini kamar zangarniya. Shuka ce marar kwaɗayi. Taki cikin tafin hannu sau ɗaya idan sanyi ya wuce, sai ruwa, shi ke nan kun rabu lafiya.

'Yarsa Nynke tana aiki a birni, kuma ta daɗe tana so ta kai shi gidan tsofaffi. A bakin ƙofa suka yi maganar wata Lahadi a watan Afrilu. Ranar, abin mamaki, kowa a layin ya sami abin gyarawa a jikin kekensa.

"Baba, ka fara mantuwa fa. Ran nan tukunya ka bari a wuta."

"Uwarki tun tana amarya take ƙona tukunya, wa ya kai ta gidan tsofaffi?"

"To shi ke nan, ga shukar Mama nan. Zan dawo a watan Agusta. In na same ta ta yi fure yadda ta saba, na san kana iya kula da kanka, ka yi zamanka. In na same ta a lalace, ka haɗa kayanka, ba gardama."

"Na ji, likita. Ki kula da hanya."

Wannan magana ta taɓa zuciyar layinmu. Mu mutane ne masu tausayi, kada wani ya ce maka ba haka ba. Sai dai a wurinmu ba a ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa haka siddan. Sai an sa rana tun da wuri, ka zo a ba ka kofi da biskit guda ɗaya, a rufe gwangwanin a gabanka. Ka kuma dubi dattijo ka ce masa bari in taimake ka, ai gara ka zage shi. To ina za a kai tausayin? Sai aka juye shi a gindin hotensiya.

Duk Juma'a da hantsi Baba Sietse yakan hau kekensa ya tafi kasuwa sayen kifi. Douwe ne ya fara, tsohon mai raba wasiƙu da ke kiwon kaji a bayan gida. Ya tsallako da bokitin kashin kaji, ɗanye shar, ko shan iska bai yi ba. Ya duba dama, ya duba hagu, ya tona, ya zuba, ya mayar da ƙasa ya daddale. Sama ce kawai bai duba ba, kuma a can nake.

Douwe yana shigewa gidansa sai ga Griet, wadda ta yi imani babu cutar da dusar kofi, wato garin da ke saura bayan an tace, ba ta magani, daga ciwon gwiwa har mugun miji. Ta haɗo da ɓawon ayaba da ɓawon ƙwai, ta tura su ta ɗaya gefen. Na ƙarshensu Harmen, mutumin da ya raina duk abin da ba a kanti aka sayo shi ba. Nasa takin zamani ne, shuɗi mai ƙwaya-ƙwaya. A jikin buhun an ce cokali, amma shi a ganinsa gidan dattijo ne ke cikin haɗari, ba lokacin rowa ba ne. Da moɗa yake zubawa.

Haka aka yi ta yi kowace Juma'a, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne mai zuciyar kirki a layin. In suka haɗu wajen fitar da shara sai ka ji Douwe ya ce, "Makwabci, shukar dattijon nan ta yi kyau bana."

"Ai kuwa," in ji Harmen. "Yanayi ne."

Kowa ya juya yana murmushi shi kaɗai. Ni dai ko ƙwaya ban zuba ba. Ni ba mai shiga harkar mutane ba ce.

Da farko kam abin ya yi kamar gaske. Ganye ya buɗe fale-fale, kore har yana ɗaukar ido, rassa suka miƙe suka wuce taga, sirara kamar taliya. Fure kuwa sai ka nema. Da Yuli ya shigo, bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an ɗora masa dutsen guga, ga wari, ga ƙudaje. Da likitocin nan uku suka ga shuka ta kwanta ciwo, kowannensu a ɗakinsa ya yanke hukunci cewa yunwa ce. Suka ninka.

Wata rana na ga Baba Sietse tsaye a gabanta da butar ban ruwa, ya daɗe yana kallonta. Tagata a buɗe take, na ji ya ce, "Aukje, me na yi miki? Abin da kika saba ba ta shi na ba ta." Wallahi raina ya sosu, har na sa takalmi zan sauka. Sai na tuna ba mu sa rana ba, na cire.

Ana gobe Nynke za ta zo aka wuni ana ruwa. Rassan nan marasa ƙashi suka baje a ƙasa, 'yan furannin da suka samu suka fito suka kife cikin taɓo. Garin neman gira an rasa ido. Washegari Nynke ta sauko daga mota ta tsaya, ba ta ko gaishe da mahaifinta ba. Warin ne ya sa ta ɗauko shebur ta caka a gindin shukar, ta juyo ƙasa. Sai ga shi nan hawa-hawa: kashin kaji, dusar kofi, ɓawon ayaba, shuɗin taki ko narkewa bai gama ba. Mu kuwa duk mun fito, kekunanmu sun sake lalacewa.

"Baba," ta ce, "ka ga abin da nake faɗa? Kana ba ta taki ka manta, ka sake ba ta, ka sake mantawa. Yau taki ne, gobe maganinka ne."

"Ba ni na zuba ba."

"To wa? Kajin ne suka zo da ƙafarsu?"

Dattijon ya sunkuya ya tsinto wani jan gashin kaza daga cikin ƙasar, ya juya shi a hannu. Kaji jajaye gida ɗaya ne ke da su a layinmu. Ya dubi Douwe, ya dubi Griet, ya dubi Harmen, a hankali, kamar mai ƙirga canji. Ya gane. Amma shi ma ɗan layin ne, ba zai nuna makwabci da yatsa a gaban jama'a ba.

Nynke ta juyo gare mu. "Don Allah, akwai wanda ya ga wani ya shigo nan?"

Kowa ya sunkuya kan kekensa. Ka amsa cewa ka shiga farfajiyar wani ba izini, da bokiti kuma? Da wane ido za ka sake fitar da shara?

"Mu nan, 'yata, kowa harkar gabansa yake yi," in ji Douwe, yana matsa tayar kekensa.

"Inna Hiske, ke tagarki nan take kallo," in ji Nynke.

Duk idanu suka dawo kaina. In na ce na gani, na amsa ke nan cewa ina zama a taga ina kallon gidajen mutane, ni da mutuncina.

"Ni ba na leƙe," na ce.

Kafin furen da ya rage ya juye ruwan hoda, an zo da motar kwasar kaya. Baba Sietse ya fito da hularsa ta zuwa coci, ya yi sallama da kowa hannu da hannu, kamar yadda ya dace. Da ya zo kaina sai ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe.

"Makwabciya, ruwa kawai take so. In kin hango ta yi yaushi daga sama, ki gaya wa..." Sai ya saki hannuna. "A'a, bari. Kada ki shiga harkar mutane."

Ban ci abincin yamma ba ranar, kuma na san duk layin sun ga ban ci ba.

Gidan ya shekara a rufe ba mai saye, ba wanda ya sake tsallakawa da bokiti. Ruwan sama ya wanke ƙasar. Da Agusta ya zagayo, hotensiyar nan ta yi furen da ko a zamanin Aukje ba ta taɓa yi ba, fari tas, har baƙi suna tsayar da keke su kalla.

"An ce kashin kaji sai ya shekara yake nuna aikinsa," in ji Douwe, yana kallon sama.

"Dusar kofi dai aka ce," in ji Griet.

Gidan tsofaffin ba nisa, bayan gada ne kawai. Mun zauna mun yi shawara cewa ya kamata wani ya yanki furen nan ya kai masa ya gani da idonsa, kowa ya ce tabbas ya kamata. Sai Harmen ya tuna mana cewa yankar fure a gidan wani ba izini ba tarbiyya ba ce.