Jar Fitila a Bayan Zaure

Ƙarfe uku da rabi na yamma, hadari ya haɗo amma ya ƙi sakin ruwa, zafi kuwa kamar an kife gari da murfin tukunya. A cikin babban zauren wasanni na jami'a, Na-Sama yana kan tsani, ya ciji sukudireba a baki, yana juya kan wata fitila da tsumma a hannu saboda ta ɗau zafi. Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, don duk wanda ya shigo neman mai wutar zaure sai ya ɗaga kai kafin ya gan shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan makullin ɗakin wuta yana aljihunsa, wato ɗan ɗakin da ke can bayan kujerun 'yan kallo, mai taga ɗaya da ke kallon dandamali.

Gobe Asabar 'yan ajin ƙarshe na sashen rawa za su yi wasan jarrabawarsu. Rawa takwas ce. Ta takwas ta Auta ce, ƙaramar 'yar yayarsa, wadda ya goya a kafaɗa tun tana kiran tsani "tani". A ƙarshen rawarta tana juyi ashirin da huɗu a wuri ɗaya, ba tsayawa, taku biyu kacal daga bakin dandamali. Bakin dandamalin kuwa ya kai ƙirjin babban mutum daga ƙasa.

Na-Sama bai yi makarantar wannan aiki ba. Kallo ya koya masa. Ya gane cewa mai rawa daga gefe ake haska shi, fitila ɗaya daidai gwiwa, ɗaya daidai ƙugu, ɗaya daidai kai, sai ka ga jiki ya fito kamar ka kai hannu ka taɓa. Wutar gaba kuwa, fitilu goma sha biyun da ke rataye sama da kan 'yan kallo, in ka sake su duka, sai mutum ya zama shafal kamar rigar da aka yi wa guga. Sannan akwai ƙaramin jan ƙwan fitila da ya kafa a bangon baya, ƙarƙashin tagarsa, daidai tsayin idon mai rawa. Ba don 'yan kallo aka sa shi ba, yawancinsu ma ba su san da shi ba. Mai juyi shi yake nema da ido a kowane zagaye: ya gan shi, ya juya, ya sake ganinsa. Da haka yake sanin ina ne gaba, kuma jiri ba ya ɗibarsa.

"Na-Sama! Sauko ka ga baƙo."

Manajan zaure ne, da takardu a hammata, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bayansa wani saurayi ne mai hular hana rana, yana janye da akwati.

"Wannan shi ne mai kyamara. Daga ofishin shugaba aka turo shi. Za a ɗauki wasan gobe kaf, a nuna wa manyan da za su sa hannu a gyara mana zauren nan. Duk abin da ya ce ka yi masa."

Na-Sama ya sauko a hankali, ya cire sukudireban daga baki, ya ba saurayin hannu.

Mai kyamara ya dubi dandamali ta cikin na'urarsa, ya yi tsaki kaɗan. "Baba, wannan ai duhu ne. Ina fitilun gaba?"

"Suna nan. Kwatan haskensu na ba su."

"A ƙure su. Kyamarata ba mujiya ba ce."

"Su ma yaran ba ƙadangaru ba ne, da za a shanya su a rana."

Manaja ya ce, "Kai dai ƙure mu gani."

Na-Sama ya hau ɗakinsa, ya zauna gaban allon wuta, ya tura maɓallai goma sha biyun sama har ƙarshe. Dandamali ya yi fari fat. Malamar rawa ta tafa hannu, aka saki kiɗa, aka fara gwaji. Rawa bakwai suka wuce lafiya. Yaran suna ƙanƙance ido, amma rawarsu ta taku ce da tsalle, ba wanda ya matso baki.

Sai Auta ta fito. Na-Sama yana ƙirga mata a ransa kamar kullum. Juyi na biyar lafiya. A na tara ya ga kanta yana neman abu bai samu ba. A na goma sha biyu ta fara gangarowa gaba, kaɗan-kaɗan, kamar kwano a kan tebur mai karkata. Ya miƙe tsaye. A na goma sha shida diddigenta ya taka iska. Ta yi baya da ƙarfi ta zube a kan gwiwa, hannu ɗaya yana lilo a bakin dandamali.

Malama ta yi salati ta ruga. Auta ta tashi da kanta, ta kare ido da tafin hannu, ta ɗaga murya zuwa taga.

"Kawu! Ka kashe jar ne?"

"Tana kunne, Auta."

"Wallahi ban gan ta ba. Ba na ganin komai sai fari."

Ya ja maɓallan ƙasa. Jar fitilar ta fito a bango, tana nan inda take.

A tsakiyar kujeru suka haɗu, shi da Manaja da Malama. Manaja ya ce abu mai sauƙi ne, yarinya ta rage juyin, ko ta koma can baya ta yi shi. Malama ta ce a baya akwai labule da sandunan fitilun gefe, kuma juyin shi ne jarrabawar, a kansa malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai ba da maki. Auta daga kan dandamali ta ce ita shekara guda ta yi tana tara juyin nan ɗaya bayan ɗaya, ba za ta zubar da ko guda ba. Malama ta ce wa Auta ta yi shiru, manya na magana. Daga nan Malama ta kalli Manaja, ta kalli takardar ofishin shugaba da ke hannunsa, ta ja da baya.

Na-Sama ya goge hannu da tsumma. Ba mai ɗaga murya ba ne, yau ma bai ɗaga ba.

"Ranka ya daɗe, rawa bakwai na ba ka wutar gaba, ka ƙure ta yadda kake so. Ta takwas ban ba ka ba."

"Ta takwas ai ita ake so a gani! Ita ce za ta sa su buɗe baki."

"Za su buɗe baki kuwa, in ta faɗo a kan cinyarsu."

"Don 'yar gidanku ce kake wannan."

"Da 'yarka ce ma haka zan yi. Da kai ne kake juyin ma zan rage maka."

Mai kyamara ya kece da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

Manaja ya ja shi gefe, ya sassauta murya. "Ka saurare ni, mutumina. Rufin nan yana yoyo a wuri huɗu, kai ka fi kowa sani, kai kake jera bokitai. Allon wutarka ya girmi yaran nan. Shekara uku ina rubuta takarda ba amsa, yanzu sun ce a kawo hoto su gani. In hoton ya fito baƙi ƙirin, ni za a kira, ba kai ba."

"Na sani. Gaskiya ka faɗa."

"To?"

"Ta takwas ban ba ka ba."

Manaja ya ce, "Gobe ba ni da wanda zai zauna a allon nan sai kai, ka san haka, shi ya sa kake min wannan. Amma Litinin ina da shi. In ka taɓa maɓallan nan a rawa ta takwas, ka kawo min makulli, ka koma sashen gyara kana canza wa ɗalibai ƙwai a banɗaki."

"Na ji."

Da ya isa gida ruwan bai sauko ba har lokacin. Matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida, ya tsaya yana karɓar kayan yana faɗa mata. Ta saurara har ya gama, da 'yar rigar makarantar ƙaraminsu a hannunta.

"Wato shekara goma sha ɗaya za ka bayar saboda ƙwai ɗaya. Ƙwan ma ja, wanda ko allura ba a sa wa zare da shi."

"Ba saboda ƙwai ba ne."

"Na sani, ai ba yau na aure ka ba." Ta ɗora masa rigar a kan sauran. "Yayarka ta sani?"

"A'a. Kar ki gaya mata. Ita ma Autar kar ta ji, sai ta ce za ta rage juyi."

"Ni dai ba ruwana. Amma in ka dawo kana warin banɗakin samari, a waje za ka tuɓe."

Asabar ƙarfe huɗu zaure ya cika. Ruwa ya sauko tun azahar, bokitai huɗu suna karɓar ɗigo a bayan labule. Layin gaba manya ne da manyan riguna, malamin jarrabawa yana gefe da biro da takarda. Mai kyamara ya kafa ƙafafun na'urarsa a tsakiyar hanya. Manaja yana bakin labule da 'yar rediyon magana ta oba-oba a hannu, ɗaya kuma tana kan teburin Na-Sama.

Rawa ta ɗaya ya ƙure wutar gaba kamar yadda ya ce. Ta biyu haka, har ta bakwai. Bai rage ko ɗigo ba. Kowace rawa ta ƙare oba-oba takan ce, "Madalla, haka nake so," shi kuma ya ce, "To."

Da aka tafa wa ta bakwai, ya tashi ya murza makulli a ƙofar ɗakin daga ciki, ya dawo ya zauna. Ya dubi allon, wanda ya san kowane maɓallinsa, har wanda sai an danna shi gefe kafin ya kama. Auta ta fito cikin farar riga ta tsaya a kan alamar salatif da ya manna mata. Ya shimfiɗa hannu biyu a kan maɓallai goma sha biyun, ya ja su ƙasa a hankali, ya ɗaga na gefe.

Oba-oba ta yi ƙara. "Na-Sama. Na-Sama! Mayar da wutar nan."

Ya ɗauka. "Ranka ya daɗe, jiya na gaya maka."

"Ina umartarka..."

Ya buɗe aljihun tebur ya sa ta ciki, a kan tsumma, ya tura ya rufe. Tana ta magana a ciki kamar ƙuda a kwalba.

A kan dandamali hasken gefe ya kama Auta daga gwiwa zuwa wuya, bayanta duhu. Ta ɗaga ido can bayan zaure, ya ga ta sami jar fitilar. Kiɗa ya hau, ta fara. Ɗaya, biyu, uku. A kowane zagaye fuskarta takan dawo daidai tagarsa kamar an ɗaure ta da zare. Wani ya fara buga ƙofar ɗakin. Goma. Goma sha ɗaya. Bai waiwaya ba. Mai kyamara ya ɗago kai daga na'urarsa, ya tsaya yana kallo da idonsa. Goma sha shida ya wuce, ƙafarta tana kan salatif. Ashirin. Bugun ƙofa ya tsaya. Ashirin da huɗu, ta tsaya cak, hannu a sama, ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Zaure ya ɗauki tafi. Malamin jarrabawa ya sunkuya yana rubutu. Na-Sama ya jira ta rusuna sau biyu, sannan ya kunna fitilun zaure don mutane su ga hanya.

Yana naɗe waya a bayan labule ta zo da gudu, tana ɗingisa gwiwar jiya. "Kawu, ka ƙirga? Cif ashirin da huɗu! Ashe Manaja ya haƙura?"

"Je ki sa takalmi, akwai ƙusa a nan."

Litinin da safe ya rubuta sunan kowane maɓalli a salatif ya manna a allon, ya kwashe kofin shayinsa da tsohuwar rigar aiki, ya kulle ɗakin. Ofishin Manaja yana ƙarshen baranda. Ya yi sallama, aka amsa ba a ɗago kai ba. Ya ajiye makullin a kan tebur.

"Rawa bakwai sun fito," in ji Manaja, yana rubutu. "Ta takwas inuwa ce kawai take juyawa. Haka zan kai musu, in tsaya in yi bayani." Ya tura masa takarda da bayan biro. "Sashen gyara. Suna jiranka."

Na-Sama ya ninke takardar ya sa a aljihu. Doguwar fitilar da ke saman teburin tana ta ƙiftawa, tana kamawa tana saki, Manaja yana matso da fuska kusa da takarda don ya ga abin da yake rubutawa. Na-Sama ya jawo kujerar baƙi, ya cire takalmi, ya hau, ya murɗa fitilar kaɗan a mazauninta. Ta ƙifta sau ɗaya ta tsaya. Ya sauko, ya share kujerar da hannu, ya mayar da ita wurinta. Manaja ya juya shafi ya ci gaba da rubutu, shi kuwa ya sa takalminsa ya fita.