Man Kaɗanyar Hilda

Jan zaren ta fara gani. Rigar fata ce baƙa rataye a rumfar wani ɗan gwanjo a kasuwar Gombe, tsakanin kwat-kwat da wanduna masu faɗin ƙafa da samari ke rububi a shekarar da aka yi ƙarin albashi. Iska ta ɗaga gefenta, sai ga ɗinkin a ƙarƙashin hammata. Hilda ce ta yi shi da hannunta, ran da baƙin zare ya ƙare mata, mijinta Matiyu kuma yana ta azalzalarta zai kai auduga Kano.

Ta taɓa kafaɗar. Fatar ta bushe ƙamas, duk ta tsattsage.

“Malam, ina ka samo wannan?”

“Ta daɗe a nan, baiwar Allah,” in ji Sallau mai rumfar. “Wani ma'aikaci ne ya kawo ta da rediyo, satin da aka binne ƙanensa. Wai ba ya son ganin kayan mamaci. Rana ta cinye ta, kowa ya ɗaga sai ya mayar.”

Hilda ta nemi bakin benci ta zauna.

*

Da Matiyu ya rasu a hatsarin mota wajen Kwadon, yayansa Noah ya zo da kuka da motar haya. Ya kwashe keke da rediyo da gadon ƙarfe, wai dangi za su adana. Hilda tana kallo har ya ɗauki rigar. A nan ta durƙusa.

“Haba matarmu,” ya ce, “ɗakin haya ne wurin ajiye ta? A ɗakin Baba za ta zauna a ƙauye, kowa ya gani ya tuna shi.”

Ta yarda, da sharaɗi guda. Fata ba ta son ƙishirwa. Matiyu kan shafe ta da man kaɗanya, ya rataye a inuwa. Tun daga lokacin, duk ƙarshen wata takan rage daga cinikin ƙosanta ta cika ƙaramin gwangwani da man ta ba Noah. Ko watan da ta kwanta zazzaɓi ba ta fasa ba. Har godiya take yi masa.

*

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci Noah ya ɓullo gidan a unguwar Madaki, cikin farar shat da wando mai kari.

“Matarmu, man nan ya ƙare fa. Ki ga rigar kuwa, sai ka ce yau aka saye ta.”

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta, sai ta ga takalmansa masu tudu suna ta sheƙi. Ƙamshin ma ta san shi, na man kaɗanyarta ne.

“Wannan watan babu, Yaya.”

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce matan yanzu ba su da riƙon amana, ya fita.

*

Washegari ta koma rumfar da gwangwanin a ƙulle a bakin zane. Ta roƙi Sallau ya sauko mata da rigar, ta ce ba saye za ta yi ba. Ya dube ta, ya miƙo.

Ta shimfiɗa ta a cinya tana murza man da yatsu, tun daga wuya har bakin hannu. Fatar ta shanye gwangwanin tas, amma tsagar ko ɗaya ba ta rufe ba.

“Malam,” ta ce, “don Allah ka riƙa rataye ta a inuwa.”