Tarwadar da Kawu Mala Ya Saki

Kun gani, kun kau da kai. Duk wanda ya tsaya a Gidimuni ya sayi soyayyen kifi ya san karfasar tafkin ta tsumbure, ba ta kai tafin hannun yaro ba. Kuka ci, kuka yi tsaki, kuka hau mota.

Kawuna Mala masunci ne a can. Da na je hutu daga jami'a, na tarar yana shirin sayar da jirginsa ya tafi haƙar zinariya a Jado. A aji an koya mana cewa a teku, in aka ƙarar da manyan kifaye masu farauta, ƙanana kan yi yawa har abinci ya gaza musu. Sai na tuna al'adarmu: in ruwan farko ya sauka, tarwada kan shiga ciyawar bakin tafki ta zuba ƙwai, mu kuma mu bi ta da kulake.

"Kawu, ku kuka kashe mai rage muku cunkoson karfasa," na ce.

"Ji malamar makaranta ba alli! Tarwadar? Ɓarauniyar da ke cinye ƴaƴan karfasa?"

"In ka shuka hatsi, ba ka cire wasu don saura su yi kai?"

Ya ce, "Zakiyya, bakinki ya fi ƙugiya kaifi. Na ba ki damina ɗaya."

Safiyar da ruwa ya sauka, ya tsaya a lungun da yake su ya hana kowa shiga. Wata ƙatuwar tarwada mai ciki ta faɗo hannunsa, ya ɗaga ta, ya mayar da ita ruwa. Abokinsa Garba ya yi dariya har da riƙe ciki: "Mala ya yi wa tarwada sadaka da miyarsa!"

Damina ɗayan ta zama biyu, jirgin yana nan. Bana ya aiko mini da karfasa uku a Damagaram, kowace ta cika faranti. Wanda ya kawo su Garba ne, ya ajiye yana sosa ƙeya, wai shi ma ya jingine kulkinsa.

Amma lungu ɗaya ba tafki ba ne. Ruwan farko na tafe, za a kawo muku tarwada mai ƙwai har ƙofar gida. Kada ku saya, kuma ku faɗa wa mai tallan dalili.