Ba a Gwada Ƙofa Daga Ciki

Wata bakwai Auta ta yi tana jin motsi a ɗakin baya, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Kullum da safe, wajen bakwai da kwata, tana tsaye a kicin tana jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ta jiyo shi ta bango: ƙirr, sai ƙyat-ƙyat, sai wani siririn gurnani kamar mutum ya ja kujera ya zauna. Ɗakin yayanta ne. Malamin lissafi ne, amma kowa a gidan Injiniya yake ce masa, don ba ya ganin abu mai waya ya bar shi bai kwance ba. Daidai wannan lokacin yake shiga ɗakin da kofinsa kafin ya wuce makaranta. Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. To wa ke jan kujerar?

Kar ku ɗauka Auta mai ƙaramin tunani ce. A kantin magani take aiki, ba ta yarda da labarin ƙanzon kurege. Ta san akwai tsohuwar kwamfuta a ɗakin, wadda marigayin ya sa wa suna Rumbu, ya zuba mata duk bidiyoyin gidan tun daga rarrafen jikoki. Amma inji ai ba ya duba agogo. Me zai tashe shi a sa'ar mai shi? Tsoro take ji sosai. Abin kunyar kuma, ranar da motsin ya yi jinkirin minti biyu, sai ta tsinci kanta ta kasa kunne tana jira.

Ita kaɗai ta rage a gidan. Bayan rasuwar, babbar yayarsu, Yaya Babba, ta zo ta ɗauke mahaifiyarsu Inna zuwa ƙasar da take aure, don likitocin can su riƙa duba zuciyarta. Inna ta tafi da babbar wayar da Injiniya ya saita mata tun lokacin da take zuwa can ziyara. Ko daga bangon duniya ne, da ta taɓa wani koren maɓalli sai Rumbu ya miƙo mata bidiyon da take so.

Ranar Talata mutumin kamfanin intanet ya zo canja rauta, wannan akwatin mai ƙahonni da ke raba intanet a gida. Ya cire tsohuwar da ke falo, ya ɗaura sabuwa fara tas. Sai ya bi wata shuɗiyar waya da ido, ya ga ta bi gefen bango ta shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya.

“Hajiya, wannan ina ta nufa?”

“Wata rautar ce a ciki. Akwai kuma ta uku a kan bene.”

“Rauta uku a gida ɗaya! Banki kuka buɗe? Buɗe min in gani, wataƙila akwai saitin da zan mayar.”

“Makullin ya ɓata,” in ji Auta. Makullin kuwa yana cikin jakarta.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya soka shuɗiyar wayar a bayan sabuwar rauta, ya ce ta duba wayarta. Intanet na gudu kamar ruwa. Ya tattara kayansa ya yi gaba.

Ranar Laraba da safe ruwan shayi ya tafasa har ya kusa ƙonewa, ɗakin baya shiru. Alhamis ma haka. Auta ta ce wa kanta to madalla, an huta. Ƙarya take yi. Ji ta yi kamar ranar nan aka fita da gawar yayanta daga gidan.

Da rana Yaya Babba ta kira.

“Ke Auta, me kika taɓa? Abin Inna ya daina yi. Sai wani zobe yake ta juyawa.”

Auta tana zaune a falo. Ta buɗe Rumbu a tata wayar, ga jerin bidiyoyi nan reras. “Yaya, nan lafiya lau yake yi. Ko dai intanet ɗinku ne?”

“Intanet ɗinmu ƙalau.”

“To a kashe wayar a kunna mana.”

“Ni za ki koya wa kashewa da kunnawa? Sau goma na yi!”

Suka rabu kowacce na ganin laifin 'yar'uwarta. Juma'a da azahar Yaya ta sake kira, wannan karon ba faɗa a muryarta, kuma hakan ya fi faɗan tayar da hankali.

“Auta, kwana uku ke nan Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Maganin ma sai da lallashi. Ta rungume wayar nan, ta juya wa bango fuska. Da na matsa mata sai ta ce, ‘Ya daina zuwa.’ Likita ya ce in ta kai jibi a haka, kwantar da ita za su yi. Don girman Allah ki yi wani abu.”

Auta ta nemi izini a wajen aiki ta dawo gida. Ta kira mutumin kamfani, ya ce abin ai mai sauƙi ne: ta samu allura ta danna ɗan ramin da ke bayan kowace rauta, komai ya goge, Litinin ya zo ya haɗa mata sabo. Litinin! Kuma a goge? Har yau in ta buɗe wayarta, sunan da marigayin ya raɗa wa wayifai ɗin gidan ne ke fitowa: “Auta ki wanke kofina”. Ta kashe wayar ba ko sallama.

Ta daɗe a bakin ƙofar da makulli a hannu. Rana tsaka ce, ana jin motoci a titi. Ta yi bismilla ta murɗa.

Ɗumi ne ya fara tarbarta, da warin ƙura da na roba. Labule a sauke. Rigarsa mai dogon hannu tana rataye a bayan kujera, kafaɗun a cike, har sai da ta ja baya taku ɗaya. Kofin kuwa yana kan tebur, shayin ya bushe ya bar baƙin zobe a ƙasa. Rumbu na ƙarƙashin tebur, fankarsa na juyawa a hankali. A samansa rauta ta biyu tana ƙifta koren ido.

Kowace waya ya naɗa mata takarda da salatif, da rubutunsa mai kwanciya gefe guda. “Zuwa falo.” “Zuwa bene.” “Wannan kar ki taɓa.” A jikin bango kuma, daidai inda idon mai zama zai sauka, ga falle guda an manna:

“Auta: ranar da kamfani suka canja rautar falo.”

Ba ta zauna a kujerar ba, durƙusawa ta yi ta karanta.

“Na san za ki ce a wajenki yana yi. Dole ya yi, ai kina cikin gida. Rautar falo ƙofar gida ce, ta ɗakin nan ƙofar ɗaki. Inna daga waje take zuwa, sai an buɗe mata duka biyun. Ta ɗaki a buɗe take, ban yarda ki taɓa ta ba. Sabuwar ta falo ce ba ta san Inna ba.”

Daga nan ya jero mata abin yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya. Ya ce ta haɗa wayarta da wayifai ɗin sabuwar rauta. Ta kifa rautar, kalmar sirri na rubuce a ƙarƙashinta. Ta shiga shafinta, ta nemi jerin na'urorin da ke haɗe, ta kwafe adireshin da aka ba rautar ɗaki, ta ce a riƙe mata shi kar ya canja. Sannan ta je inda ake buɗe ƙofofi, ta rubuta lamba 4417, ta nuna mata wannan adireshin.

Ta ɓare takardar ta koma falo. Sau biyu tana rubuta adireshin ba daidai ba, don lambobin duk kama suke mata. Ta zagi kamfani, ta zagi mai ƙahonni, ta ce, “Kai ma Yaya da neman magana, mutum ɗaya rauta uku!” Sai ta ji abin da ta faɗa, da wanda ta faɗa wa, ta koma kan lambobin. A karo na uku shafin ya karɓa.

Saura layi ɗaya a ƙasan takardar, ya ja masa layi biyu:

“Ba a gwada ƙofa daga ciki. Sa takalmi, kashe wayifai, fita titi ki shigo ta data kamar baƙuwa. Malalaciya.”

Ta fita. Ta tsallaka titi ta tsaya gaban shagon mai gyaran takalma, tana kallon gidansu kamar na wasu. Ta kashe wayifai ta taɓa koren maɓalli. Zoben ya juya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai jerin ya buɗe. Ta zaɓi bidiyon da ta san babu marigayin a ciki, na 'yar Yaya tana koyon keke. Yarinyar ta faɗi ta tashi tana dariya.

“Lafiya dai, 'yata?” in ji mai gyaran takalma, ganin tana share ido da bayan hannu.

“Lafiya lau, Baba. Ƙofa na gyara.”

Tsohon ya leƙa ƙofar gidansu, bai ga abin da ya same ta ba, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ta kira Yaya. Yaya ta ce Inna ta samu barci da ƙyar, ba za a tashe ta ba, sai da safe.

Asabar da safe Auta na kicin, ta bar ƙofar ɗakin baya a buɗe. Wayarta ta yi ƙara.

“Ga Inna nan ta sha magani,” in ji Yaya ƙasa-ƙasa. “Kullum bayan maganin tara da kwata take kallo. Bari in miƙa mata, ki saurara.”

Auta ta ɗaga ido ta dubi agogon bango. Tsakaninsu da can awa biyu ne. Bakwai da kwata.

Ƙirr. Ƙyat-ƙyat. Sai siririn gurnanin nan.

Ta dafa bango. Ashe wata bakwai ba shi ke shigowa ba, Inna ce. Kullum tana ƙetaro ƙasashe ta wuce ƙofa biyu ta zauna a ɗakin ɗanta, ita kuma Auta na tsaye a nan da cokali a hannu tana jin tsoron uwarta. Ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji baƙin ciki, don yanzu ta tabbata ba zai sake jan kujerar nan ba.

“Bidiyo ɗaya take kallo kullum,” Yaya ta raɗa. “Wani ɗan guntu da ya ɗauka ranar da ya haɗa abin.”

Sai muryarsa ta fito ta wayar, garau, da dariya a cikinta.

“Gwaji, gwaji. Inna, kina ganina? In kina ganina, ƙofa ta buɗe ke nan. Ɗaga hannu in gani.”

Sannan muryar Inna, a dishe, irin ta wadda ta kwana uku ba ta yi magana ba.

“Ina ganinka, sarkin ɓarna. Ina ka shiga haka?” Ta ja numfashi. “Ke, miƙo min abincin nan.”

Ruwan shayi na ta tafasa a kan wuta. Auta na tsaye a bakin ɗakin baya, waya a kunne, sai ta lura ɗaya hannun nata yana sama.